Na haura hamsin: shin jins sama da ƙasa ya dace da ni?

Tambaya

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Ni mace ce mai shekara 56, ina da 'ya'ya huɗu da jikoki. Wata uku da suka wuce babbar 'yata ta kawo mini tsarabar kaya, jaket da wando mai faɗin ƙafa, duka na yadin jins, shuɗi mai duhu iri ɗaya. Tun da na ɗora ido a kansu raina ya biya. Sau ɗaya na sa su, ranar da muka fita da ƙanwata. Tana ganina ta kwashe da dariya ta ce, "Yaya, gasa za ki yi da 'ya'yanki?" Na yi yaƙe kawai. Da na dawo gida na tsaya gaban madubi, da maɓallan jaket ɗin a rufe har wuya, sai na ga kamar mai gyaran mota ce ta sa kayan aiki. Ga wandon yana cin cikina idan na zauna, bayansa kuma yana hangame, sannan ya shafa wa farar jakata shuɗi. Tun ranar suna ƙasan akwati. Sau biyu 'yata tana tambayata ko ba su yi mini ba ne, na rasa amsar da zan ba ta. Ki faɗa mini gaskiya, na wuce shekarun irin waɗannan kaya ne in kyautar in huta, ko akwai yadda ake sa su su karɓi mace irina?

Amsa

Wa alaikumus salam Yaya. Kada ki kyautar da su tukuna. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne da kika ce tun ganin farko ranki ya biya. Macen da ta kai 56 ta ga sutura iri-iri a duniya, ta san abin da ke yi mata da abin da ba ya yi mata, ba kowane ƙyalli ne ke ɗaukar hankalinta ba. Don haka wannan sha'awar taki ba zan yi wasa da ita ba. Idan aka tankaɗe ƙorafinki aka rairaye, abu huɗu ne a ciki: kamannin da kika gani a madubi, ƙugun wandon, zubar rini, sai kuma maganar ƙanwarki. Ukun farko babu wanda ya fi ƙarfin tela, da bokitin ruwa, da rigar ciki guda ɗaya. Na huɗun ne yake buƙatar zama a yi magana, kuma za mu zo kansa.

Zancen cewa jins kayan yara ne, tarihinsa ma bai yarda da haka ba. A ranar 20 ga watan Mayu 1873 ne wani tela mai suna Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka sami takardar haƙƙin mallakar dabarar sa ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihun wando a Amurka, don kada ya yage a jikin masu aikin ƙarfi. Magidanta ne suka fara sa shi, masu haƙar ma'adinai da manoma da makiyaya. Wandon jins na mata kuwa kamfanin Levi's ya fitar da shi tun 1934, wato ya girme ki da fiye da shekara talatin. Sai a wajajen shekarun 1950 ne finafinai suka liƙa masa sunan kayan samari masu taurin kai, kuma wannan tambarin ne ya biyo shi har ya iso bakin ƙanwarki. 'Yan matan da suka fara yayinsa a wancan zamani yau kakanni ne, wasunsu da tattaɓa kunne, kuma da yawansu ba su ajiye shi ba.

Amma idonki bai yi miki ƙarya ba da ya nuna miki mai gyaran mota. Jins asalinsa kayan aiki ne, kuma idan aka sa shi sama da ƙasa launi ɗaya, aka rufe maɓallai har maƙogwaro, to ya koma gidansu. A 1951 an taɓa hana shahararren mawaƙin nan Bing Crosby ɗaki a wani otal da ke birnin Bankuba na Kanada saboda ya shigo da jins sama da ƙasa, sai da aka gane ko shi waye. Daga baya Levi's suka ɗinka masa kwat ta alfarma da yadin jins ɗin, kuma ana danganta laƙabin da Turawa ke yi wa wannan shiga, wato kwat ɗin 'yan Kanada, da wannan labari. Kin ga ke nan abin da ya same ki a gaban madubi ya sami wanda duniya ta sani, kuma shi ba don tsufa aka tare shi a ƙofa ba.

Abin da ke faruwa shi ne, idan launi ɗaya mai nauyi ya taso daga idon sawu har haɓa babu abin da ya katse shi, idon mai kallo ba ya samun wurin hutawa. Sai ya ga mutum kamar bango guda, babu wuya, babu ƙugu, fuska kuma ta nutse a cikin shuɗi. Magani na farko kyauta ne: ki buɗe jaket ɗin. Ki bar maɓallan duka a sake, ki sa riga mai laushi a ciki wadda launinta ya bambanta. Nan take za ki ga wani dogon layi ya sauko daga wuyanki zuwa ƙugu, gefe da gefe shuɗi, tsakiya haske. Wannan layin yana ƙara wa mace tsayi a ido, yana rage faɗi, kuma shi ne ke raba kwalliya da kayan aiki. Sannan ki naɗe hannun jaket ɗin ninki ɗaya ko biyu, tsintsiyar hannunki ta fito, agogo ko awarwaro ya samu wurin zama. Ƙaramin abu ne, amma yana nuna cewa da gangan aka yi shigar.

A kan rigar cikin nan nake so ki ɓata lokaci, domin ita ce maƙwabciyar fuskarki. Shuɗi mai duhu yana da sanyi, kuma idan ya matso dab da fuska yakan fito da duhun ƙarƙashin ido da alamar gajiya, musamman da yake fata tana rage sheƙi idan shekaru sun ja. Fari tas yana yi wa wasu kyau, wasu kuma yana yi musu kaifi da yawa, ruwan madara ya fi tausasa musu fuska. Ruwan zuma, ruwan goro, makuba, ja mai duhu, kore mai cizawa, duk suna zama lafiya da jins. Ba zan zaɓa miki daga nesa ba tunda ban ga fatarki ba. Ki ɗebo riguna huɗu ko biyar daga cikin waɗanda kike da su, ki ja madubi kusa da taga da hantsi, ki sa jaket ɗin, ki riƙa kara kowace riga a ƙarƙashin haɓarki ɗaya bayan ɗaya. Kada ki kalli rigar, fuskarki za ki kalla. Akwai wadda kina karawa za ki ga fararen idonki sun ƙara haske, leɓɓanki sun yi jini. Ita ce taki. Kuma yadinta ya kasance mai santsi ko mai zubowa, irin siliki ko auduga mara nauyi, domin jins yana da kaushi da tauri, yana son abokin zama mai laushi. Idan kina yafa mayafi ko ɗaura ɗankwali, wannan gwajin ya shafe su, don su ma a bakin fuska suke.

Sai tsawon jaket. Ki tsaya ki duba inda bakinta ya tsaya a jikinki. Duk inda tufa ta ƙare, nan ido ke zuwa ya ja layi. Idan jaket ta ƙare daidai wurin da kwankwasonki ya fi faɗi, to ta ja layi a kan faɗin ta ƙara masa. Da wando mai faɗin ƙafa irin naki, jaket ɗin da ta tsaya a ƙugu ko ɗan ƙasa da shi kaɗan ta fi kyau, saboda sama ya zama kashi ɗaya, ƙasa kashi biyu, ƙafa ta yi tsawo. Idan kuwa ke mai son rufe bayanki ce, kuma mata da yawa haka suke, babu laifi ko kaɗan, sai ki nemi doguwa wadda ta wuce mazaunai sosai ta kusa tsakiyar cinya ko gwiwa, amma sai ki haɗa ta da wando mai miƙaƙƙiyar ƙafa. Faɗi sama faɗi ƙasa shi ne ke sa mace ta ɓace a cikin kaya. Ki duba kafaɗa kuma: ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki ya zauna a kan ƙashin kafaɗarki. Tela yana iya rage tsawo da faɗi cikin sauƙi, amma gyaran kafaɗar jaket ɗin jins aiki ne mai wuya da ba kasafai yake fita da kyau ba. Idan akwai manyan aljifai masu murfi a ƙirji kuma ke mai cikar ƙirji ce, barin jaket ɗin a buɗe yana tura su gefe su daina tsone ido.

Yanzu ƙugu, inda na san ya fi damunki a zaune. A nan kam shekaru suna da hannu, kuma gara in faɗa miki kai tsaye. Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma idan sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ya ragu a jiki, kitse yakan sauya masauki, ya bar cinya da kwankwaso ya fi taruwa a ciki. Mace tana iya hawa sikeli ta ga nauyinta bai canza sosai ba, amma ƙugun wandonta ya ce mata an yi canji. Wannan halitta ce, ba sakaci ba ne, ba kuma abin kunya ba. Su kuwa masu ɗinka kaya a masana'anta awo ɗaya suke yankawa su rarraba wa dubban mata. Cin ciki ta gaba da hangamewa ta baya a lokaci guda yana nuna cewa zurfin wandon, wato tsawon da ke tsakanin tsakiyar ƙafafu da bakin ƙugu, bai kai na jikinki ba, ko kuma an yanka bakin ƙugun a miƙe alhali bayanki yana da lanƙwasa. Wandon da bakinsa ya tsaya a tsakiyar tudun ciki dole ya yanka shi gida biyu idan an zauna. Wanda ya hau har cibiya ko ya ɗan wuce ta, shi yana rungumar cikin ne gaba ɗaya.

Ga gwajin da nake so ki yi kafin ki je wurin tela. Ki sa wandon, ki ja zik, ki zauna a kujera mai tauri minti biyar kamar kina hira. Ki zura yatsu biyu tsakanin cikinki da bakin wandon. Idan sun shiga ba tare da kin riƙe numfashi ba, gaba lafiya lau, bayan ne kawai ke son a tsuke, kuma wannan gyara ne da tela mai hannu yake yi ta ɗinkin tsakiyar baya, ko ya sa 'yar roba a cikin bakin ƙugun ta baya inda ba a gani. Idan yatsun sun ƙi shiga, wandon ya yi miki kaɗan. Wani lokaci akan iya tsaga bakin ƙugun ta gefe a ƙara ƙyalle ko roba mai faɗi, tunda rigar ciki za ta sauko ta rufe. Idan kuma ya matse har cinya, to kada ki wahalar da kanki, a nemi canji. Ƙa'idar da nake bi ita ce a sayi wandon da ya ɗauki wuri mafi faɗi a jiki, sannan a rage sauran. Ragewa tana yiwuwa kullum, ƙari kuwa sai an yi dabara. Lambar da ke jikin takardar wuya ko ƙugu kada ta tsaya miki a rai, don kowane kamfani da irin awonsa, lamba ɗaya a wurin wannan ta bambanta da ta wancan.

Ba don kyau kaɗai nake matsa miki a kan wannan ba. Ƙugun da ke danna ciki yana tsananta ƙwannafi ga mai fama da shi, kuma matsatstsen wando yana iya danne wata jijiya da ke bi ta gaban kwankwaso, mace ta riƙa jin gefen cinyarta ta waje yana mutuwa ko yana zafi kamar ana tsira mata allura. Idan kin taɓa jin haka ki cire wandon, idan bai daina ba ki ga likita. Babu kwalliyar da ta cancanci wannan.

Idan za ki je wurin tela, ki wanke kayan tukuna, domin auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko ko da an riga an yi mata maganin hakan a masana'anta. Ki tafi da takalmin da za ki fi sa wandon da shi. Mai faɗin ƙafa yana son ya sauko ya kusa taɓa ƙasa, ya bar kamar rabin inci zuwa inci ɗaya, ya rufe yawancin takalmin ba tare da yana sharar hanya ba. Idan ya ɗangale a wurin da bai dace ba yana datse ƙafa. Ki tambayi telan ko yana da allura mai kauri da zare mai ƙarfi na jins, kuma launin zaren ya yi daidai da na asali, don kalmasar da aka yi da siririn zare tana tona kanta daga nesa.

Ki ɗauko wandon yanzu ki juya bakin ƙafarsa, ki matso da shi kusa da ido. Za ki ga waje shuɗi ne, ciki kuma ya fi haske, sannan akwai wasu 'yan siraran layuka da suka tafi a karkace. Sirrin yadin ke nan. Zaren tsaye ne kaɗai ake rinawa da baba, na kwance a bar shi fari, a saƙa su yadda shuɗin zai fi fitowa a fuska. Shi kuma baba ba ya ratsa zare har zuciya, a bayansa yake kwanciya, tsakiyar zaren tana nan fara. Abin da ya sa ke nan jins yake koɗewa a gwiwa da bakin aljihu, kuma abin da ya sa ya shafa wa jakarki launi. Yawancin baban da ake rini da shi yau na masana'anta ne, tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shi a 1897, amma halinsa na zama a bayan zare bai canza ba. Sabon jins mai duhu yana ɗauke da rarar rini da ba ta kama komai ba, tana jiran abin da za ta goga.

Ki jiƙa farin ƙyalle ki matse, ki goga shi a cinyar wandon sau goma. Idan ya ɗauko shuɗi, da sauran aiki. Ki juya kayan ciki ya koma waje, ki wanke su su kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ki ɗauraye har ruwan ya kusa fita fari, ki shanya a inuwa. Wanki biyu ko uku yakan kwashe yawancin rarar. Za ki ji ana cewa a jiƙa da gishiri don launi ya kama, ni ban ga amfaninsa a kan baba ba, ɗauraya ce ke aikin. Kafin nan ki nisanta su da farar jaka, da farin takalmi, da kujera mai haske, musamman ranar gumi ko ruwan sama. Ita kuwa jakar, idan ta fata ce, ki gwada man goge fata a wani lungu da ba a gani kafin ki bi wurin tabon, kuma kada ki kai mata bilic. Tabon baba yana da naci, gwargwadon daɗewarsa gwargwadon wuyar fitarsa.

Akwai wani abu da masu kaya iri ɗaya sama da ƙasa ba sa lura da shi sai ya faru. Wando ya fi jaket shan wanki, don ya fi ta ɗaukar datti. Bayan wata shida sai ki ga wandon ya yi haske kaɗan, jaket tana nan da duhunta, sun zama ba su yi daidai ba kuma ba su bambanta ba. Wannan tsaka-tsakin shi ne mafi muni a ido, kamar an yi niyyar haɗawa aka kuskure. Don haka duk ranar da za ki wanke ɗaya ki haɗa da ɗayan, su tsufa tare. Kuma jins ba ya son yawan wanki, idan ba datti ko wari ya yi ba, ki rataye shi ya sha iska. Idan wata rana za ki haɗa jins biyu da ba tare aka saye su ba, ki bari bambancin ya fito fili, ɗaya mai duhu sosai ɗaya mai haske sosai. Mai duhun ki sa shi inda ba kya son ido ya daɗe, mai hasken inda kike son ya tsaya.

Ki duba 'yar takardar da ke cikin wandon ki ga abin da aka saƙa shi da shi. Kashi 98 ko 99 cikin ɗari auduga da kashi 1 ko 2 na roba, wadda ake rubutawa elastane ko spandex ko Lycra, shi ne ya fi yi wa jikin babbar mace adalci: yana ba da wurin numfashi kuma yana riƙe siffarsa. Idan robar ta yi yawa yadin yana lafewa a jiki ya zana duk abin da ke ƙasa, ya kuma saki a gwiwa kafin yamma. Robar nan ba ta shiri da zafi, don haka ruwan zafi da injin busar da kaya da dutsen guga mai tsananin zafi suna kashe ta. Nauyin yadi ma abin dubawa ne. Ana auna jins da oza a kowane yadi murabba'i, na wando yawanci yana kaiwa 11 zuwa 14, na riga kuma ƙasa da haka sosai. Mai nauyi sama da ƙasa yana tsayawa ƙiƙam kamar kwali, kuma ga macen da zafi ke taso mata farat ɗaya a waɗannan shekaru, azaba ne. Wannan ma wani dalili ne na barin jaket a buɗe da sa rigar cikin da za ki iya zama da ita ita kaɗai idan kin cire ta sama. Nan gaba idan za ki ƙara saye, ki nemi mara nauyi, ko wanda aka gauraya da wani zare mai laushi da ake kira Tencel, yana zubowa a jiki kamar ruwa.

Takalmi da jaka su ne ke faɗa wa mutane inda za ki. Na fata ruwan ƙasa ko baƙi, mai ɗan tudu ko fulat mai tsinin baki, yana ɗaga jins nan da nan. Kambas fari mai tsabta yana yi idan fitar ta yawo ce, bayan rinin ya daina zuba. Jaka kuma mai tsayuwa da kanta ta fi wadda ke lanƙwashewa. Sarƙa ɗaya mai kyau ko 'yan kunne masu ɗan girma sun isa, kuma zinariya tana haskawa a kan shuɗi mai duhu fiye da yadda take yi a kan yawancin launuka. Abin da ba zan ba ki shawararsa ba shi ne jaka ko takalmi na jins a kan waɗannan kaya, biyu sun wadatar. Haka kuma yagaggen jins da mai duwatsu masu walƙiya da wanda aka koɗar da cinyarsa fari fat. Wannan ra'ayina ne, kuma ko 'yar shekara ashirin ce ta tambaye ni abin da zan ce mata ke nan, domin farin da ke kan cinya yana kiran ido ya zo ya zauna a wurin. Naki da yake mai duhu ne bai ɗaya, 'yarki ta iya zaɓe, irinsa ne ya fi kowanne kama da kayan mutunci.

Ina da wata gwaggo da ta haura 70. Doguwar rigar jins take sawa mai maɓalli daga sama har ƙasa, ta bar ta a buɗe a kan wata doguwar riga ruwan madara, da tabaraunta rataye a wuya da siririyar sarƙa. Hannun rigar ya koɗe daidai inda take naɗe shi, don ta fi shekara goma tana sa ta. Ban taɓa jin wanda ya ce tana gasa da kowa ba. Abin da na lura shi ne ba ta taɓa jan rigar ko gyara ta a gaban mutane, ta sa ta manta da ita. Kayan da suka zauna wa mace daidai ne ke ba ta wannan natsuwa, shi ya sa na daɗe a kan ƙugu da kafaɗa.

Idan har yanzu kina jin nauyin fita da su tare, ki raba su na ɗan lokaci. Jaket ɗin a kan doguwar riga mai laushi, wandon da riga mai tsawo ta wani yadi daban. Idonki da na mutanenki su saba da kowanne shi kaɗai, ranar da kika haɗa su babu wanda zai ga baƙon abu.

To, ƙanwarki. Ban san ta ba, ke kika san ta, amma sau da yawa irin wannan magana tsakanin ya da ƙanwa ba ta da dafi, mamaki ne ya fito da rigar wasa. Ta saba ganinki a siffa ɗaya shekara da shekaru, ranar nan ta ga wata Yaya daban, bakinta ya riga tunaninta. Wani lokaci kuma mai irin wannan dariya ita ma tana sha'awar abin, ƙarfin halin ne ba ta da shi. Ko ma wanne ne, maganar ta yi miki ciwo har ta sa kika binne kyautar 'yarki wata uku, kuma wannan ya isa a faɗa. Ba sai an yi rigima ba. Ranar da kuke zaune ku biyu cikin raha ki ce mata, "Kin san maganar nan da kika yi mini ranar nan ta tsaya mini a rai? Ina son kayan nan, kuma zan ci gaba da sa su." Ki tsaya nan, kada ki kawo hujja, kada ki nemi izininta. Mai yiwuwa ta ce wallahi wasa take yi, ki karɓa ku wuce wurin. Idan ta sake maimaitawa a gaban mutane, "ni dai sun yi mini" ta ishe ki amsa, da murmushinki.

Ita kuwa 'yarki, shirun nan ya fi gaskiya yi mata ciwo, don tana can tana zaton ta yi kuskuren zaɓe ko ta ɓata miki rai. Ki kira ta yau ki ce kayan sun burge ki, ƙugun ne ke son gyara, kuma kina so ta raka ki wurin tela. Ki ce ta zo da wuri, da sauran hasken safe a taga, ta riƙe miki madubi ku zaɓi rigar ciki tare.